Takardun cikin kwamfuta: in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta

Duk wanda ya san Geceme shekaru 20 da suka wuce, in ya komo yau ya zagaya ofisoshi da shaguna, zai tarar da wata baƙuwa da ta zama 'yar gida. Ita ce na'ura mai ƙwaƙwalwa, wadda ma'aikata ke kira odinatar, 'yan kasuwa masu ƙetara iyaka zuwa Kamba da Birnin Kebbi kuma suke ce mata kwamfuta. Wannan ƙaramar hukuma ta gundumar Tibiri, cikin jihar Doso, ta haura mutum dubu 100 tun a ƙidayar 2012, kuma da wuya a sami gidan da ba shi da wata takarda da al'amarinsa ya rataya a kanta: takardar haihuwar yaron da zai zauna jarrabawa, sakamakon ɗan lakwal, shaidar sayen gona a fadamar Dallol Mawri, ko lissafin bashin wake da gyaɗa. Sannu a hankali irin waɗannan takardu suna barin kaye da kabad suna komawa cikin na'ura. Abin tambaya a nan shi ne, ranar da na'urar ta ƙi tashi, ina za a same su?

A ɗauki misalin ɗan kasuwar da ke sayen wake a kasuwannin Fadama da Lido yana lodi zuwa Najeriya. Ɗansa da ya yi boko ya shigar masa da lissafinsa duka cikin kwamfuta: manomin da ya karɓi kuɗi tun kafin kaka, wanda ya kawo buhu kaza, direban da aka biya rabi, dillalin da ake bi jika 300. Aka yi shekara uku lafiya lau, har aka daina buɗe tsohon kaye. Wata rana da la'asar hadari ya taso, wuta ta ɗauke ta komo da ƙarfi, na'ura ta yi shiru. Aka kai ta wurin mai gyara a Dogondutsi, ya duba ya ce faifan ajiyarta ya mutu. Kwamfuta dai ana sayen wata gobe. Amma daga cikin waɗanda ake bi bashi, masu tsoron Allah kaɗai za su zo su faɗi abin da ke kansu; sauran sai su ce a kawo shaida, alhali shaidar ta tafi tare da faifai. Asarar ba ta tsaya ga kuɗi ba, har zumunci da amanar shekaru sukan lalace wurin gardamar ko buhu 12 ne ko 20.

Darasin takardar karbon

Tsofaffin ma'aikatan da suka yi zamani da keken rubutu ba su san irin wannan masifa ba, kuma dalili a fili yake. Kafin sakatare ya buga wasiƙa, sai ya jera farar takarda, ya sa karbon, ya sa takarda marar kauri, ya ƙara karbon da wata takardar. Bugu ɗaya, kwafi uku: ɗaya ya tafi ga wanda aka rubuta wa, ɗaya ya shiga dosiyen ofis, ɗaya ya hau zuwa ga na gaba. Haka shi ma ɗan kasuwa da littafinsa na rasit: yana yage wa mai saye nasa, gindin yana zaune a littafi. Babu wanda ya taɓa cewa bari ya tuna ya yi kwafi in ya sami sarari, domin kwafin a cikin aikin yake fitowa, ko mutum ya so ko bai so ba.

Da kwamfuta ta zo ta kori keken rubutu, ta kawo sauri da tsabtar aiki, amma ta tafi da karbon ba tare da kowa ya lura ba. Yanzu takardar da aka wuni ana rubutawa guda ɗaya tak ce, a wuri ɗaya, kan faifai ɗaya. Aikin manhajar ajiyar kwafi mai sarrafa kanta, abin da ake kira "sauvegarde automatique" a allon kwamfutocin ƙasar nan, shi ne ta maido da karbon ɗin nan: duk abin da aka rubuta, ta kwafe shi zuwa wani wuri daban, a kan kari, ba tare da jiran umarnin kowa ba.

Maƙiyan faifai

Faifan ajiya na tsohon yayi ƙarfe ne da ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 cikin minti ɗaya, da wata allura da ke shawagi a bisansa ba ta taɓa shi. Faɗuwa ɗaya daga tebur, ko jijjigar babur kan hanyar burji yayin da na'urar ke kunne, ta isa allurar ta karce shi. Na sabon yayi, wanda ake kira SSD, ba shi da abin da ke motsi, ya fi jure wahala, sai dai shi in zai mutu ba ya yin sallama. A ƙara da ƙurar hunturu da ke toshe hanyar iska, da zafin bazara da ke wuce digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, za a ga cewa na'urar da aka ƙera domin ofis mai sanyi tana shan azaba a Arewa.

Ga kuma sha'anin wuta. Yankin Doso da Yamai ya daɗe yana dogara ga layin lantarki da ya taso daga Birnin Kebbi tun 1976. A watan Agustan 2023 Najeriya ta yanke wannan wuta saboda takunkumin ƙungiyar CEDEAO, ba ta maido da ita ba sai a watan Maris na 2024. Cikin waɗannan watanni kowa ya ga yadda aiki ke komawa kan gurup da allon hasken rana, ana kunnawa ana kashewa. Ɗaukewar wuta a tsakiyar rubutu takan lalata fayil, komowarta da ƙarfi kuma takan ƙona kayan ciki. Ondilar, wato akwatin batir da ke riƙe wuta na 'yan mintoci, yana maganin wannan, kuma ya kamata kowace kwamfuta ta tebur ta sami nata. Amma ondilar ba ya hana ɓarawo, ba ya hana gobara, ba ya hana rufin ofis yoyo a watan Agusta.

Sai ƙwayoyin cutar kwamfuta. Wanda ya taɓa kai kile shagon buga takardu ya komo ya tarar dosiyoyinsa sun ɓace, sai alamun "raccourci" a madadinsu, ya san wannan ciwo. Akwai kuma mai garkuwa da takardu, wanda ke kulle duk abin da ke cikin na'ura ya nemi kuɗin fansa. Irinsa da ake kira WannaCry ya bazu cikin ƙasashe wajen 150 a watan Mayun 2017, har ya tsayar da aiki a asibitocin Ingila. Daga ƙarshe akwai maƙiyin da ya fi kowa kusa, wato hannun mai aikin kansa: a share dosiye bisa kuskure, ko a rubuta lissafin bana a kan na bara a danna ajiyewa.

Kile ba rumbu ba ne

In aka yi wa ma'aikaci wannan magana, sau da yawa sai ya laluba aljihu ya fito da kile ya ce ai shi a shirye yake. A tambaye shi yaushe rabonsa da kwafa, sai ya yi shiru yana lissafi, a ƙarshe a gane tun kafin azumi ne. Ba sakaci ne irin nasa shi kaɗai ba, halin ɗan Adam ne. Aikin da ba ya nuna amfaninsa yau, gobe ake bar wa shi, gobe kuma ta bar wa jibi. Ranar da aiki ya fi yawa, wadda ita ce ranar da ta fi bukatar kwafi, ita ce ranar da ba a samun sararin yinsa. Bugu da ƙari, kile ƙaramin abu ne mai saurin ɓata, yana shiga wanki cikin aljihun riga, yana yawo daga na'ura zuwa na'ura yana kwasar cuta. An yi shi domin ɗaukar takarda daga nan zuwa can, kamar buhu, ba domin ajiyar shekara ba.

Manhaja kuwa ba ta mantuwa, ba ta zuwa biki, ba ta gajiya. Kuma mafi yawan kwamfutocin da ke ofisoshi da shaguna suna ɗauke da ita tun daga kanti, ba a dai tashe ta ba ne. Tun daga Windows 8, wadda ta fito a 2012, akwai abin da ake kira "Historique des fichiers" cikin "Panneau de configuration". Abin da ake bukata shi ne faifan waje mai igiya, wanda kuɗinsa bai kai na ragon layya ba. A jona shi, a zaɓe shi a matsayin wurin ajiya, a danna "Activer". Daga nan, kowace awa ɗaya, manhajar za ta duba takardun da aka sauya ta kwafe su, ta kuma bar tsofaffin kwafin yadda suke. Wannan na biyun shi ne babban amfaninta: wanda ya ɓata lissafinsa ranar Laraba yana iya komawa ya ɗauko shi kamar yadda yake ranar Litinin. Masu na'urorin Apple suna da makamanciyarta, Time Machine, tun 2007. Akwai kuma na kyauta da ake saukewa daga intanet, irin su Duplicati da Cobian Reflector, waɗanda ake sa wa lokaci, a ce kullum ƙarfe 5 na yamma, su yi aikinsu.

Sai dai a kula da abu ɗaya. Manhajar Windows tana tsare dosiyoyin da ta sani ne, irin su "Documents", "Images" da "Bureau". Wanda ya ajiye aikinsa a wani lungu daban na faifai, ko yake amfani da manhajar lissafi mai ɓoye bayananta a nata wurin, dole ne ya nemi wanda ya sani ya shigar masa da wannan wuri cikin jerin abin da za a riƙa kwafewa. In ba haka ba, za a wayi gari an tsare hotunan suna da na biki, an bar littafin bashi a waje.

Kwafi ɗaya ya kwana a wani gida

Manomin Arewa ba ya gina rumbunsa jikin murhu, kuma ba ya zuba irin shuka cikin hatsin ci. Masana harkar ajiya sun taƙaita wannan hikima cikin lambobi uku, 3-2-1, ƙa'idar da wani mai ɗaukar hoto ɗan Amurka, Peter Krogh, ya yaɗa: kwafi 3 na kowace takarda mai muhimmanci, a kan ma'aji iri 2, kuma 1 daga ciki ya kasance a wani wuri daban. Wannan ɗayan na ƙarshe shi aka fi rainawa, shi ne kuma ke ceto ranar babbar masifa. Faifan wajen da ke kwana kan tebur ɗaya da kwamfuta, ɓarawo ɗaya ne zai kwashe su, wuta ɗaya ce za ta ci su, mai garkuwa kuma duk abin da ya tarar a jone kullewa yake yi.

Ba sai an je nesa neman shaida ba. Ranar 3 ga Janairun 2012 gobara ta cinye ginin ma'aikatar shari'a a Yamai, ta haɗa da ɗimbin takardun ajiya da aka tara shekara da shekaru. Kada kuma a ce ai wannan sha'anin takarda ne da ƙasa marar hali. A watan Maris na 2021 wuta ta kama cibiyar ajiyar bayanai ta kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa. Wasu abokan cinikinsa da suka biya kuɗin ajiyar kwafi sai a ranar suka gane cewa kwafin nasu a wuri ɗaya yake da na asali. A 2023 kotu ta sa aka biya wasunsu diyya, amma diyya ba ta maido da takarda ko ɗaya ba. Ranar 26 ga Satumban 2025 kuma, batura suka kama wuta a cibiyar bayanan gwamnatin Koriya ta Kudu da ke Daejeon, rumbun da ma'aikatan gwamnati ke zuba takardun aikinsu ya ƙone da terabait 858 a cikinsa, babu kwafi a ko'ina, wai don girmansa ya yi yawa. In ƙasar da ke ƙera waɗannan na'urori ta yi irin wannan tuntuɓe, to mai shago a Geceme ya shafa wa gemunsa ruwa.

Hanya mafi sauƙi ga wanda ba shi da intanet mai ƙarfi ita ce faifan waje guda biyu. Ɗaya yana jone manhaja na zuba masa, ɗaya yana gida cikin akwati, an naɗe shi cikin leda saboda ƙura da laima. Sau ɗaya a mako a musanya su, kuma a ɗaura wannan musanya a kan ranar da ba a mantawa da ita, kamar ranar kasuwa ko ranar Juma'a kafin a tashi aiki. Ko da mafi muni ya faru, abin da za a rasa bai wuce aikin kwana bakwai ba.

Rumbun intanet da sharuɗɗansa

Hanya ta biyu ita ce ajiya a rumbunan manyan kamfanoni ta intanet. Google Drive na ba kowane mai asusu gigabait 15 kyauta, OneDrive na ba da 5. Ga mai wasiƙu da lissafi wannan wuri ne mai yawa, domin gigabait 15 zai ɗauki wasiƙu sama da dubu 100. Hotuna da bidiyo su ne ke cinye wuri da kuɗin kati. Inda layin waya ke zuwa yana komawa, manhajar takan jira, da zarar layi ya samu ta aika abin da ya taru. Ɗan kasuwar da duk cinikinsa ke cikin saƙonnin murya da hotunan rasit na WhatsApp shi ma yana iya sa wayarsa ta riƙa ajiye su kullum, ta hanyar "Sauvegarde des discussions".

Amma rumbun intanet yana da tarkonsa. Yawancin waɗannan manhajoji madubi ne: abin da aka share a kwamfuta, can ma sharewa suke yi, kuma kwandon sharar Google Drive kwana 30 kawai yake riƙe abu. Saboda haka ba ya maye gurbin faifan waje, abokin tafiyarsa ne. Na biyu, mabuɗin rumbun shi ne kalmar sirri da lambar waya. Mutane da yawa yaron shagon waya ne ya buɗe musu asusu, ba su san kalmar ba, layin da aka yi rajista da shi kuma ya daɗe da ɓata. Irin wannan mutum yana da rumbu cike da hatsi, amma ba shi da tsani. A rubuta kalmar sirri a takarda, a ajiye ta inda ake ajiye takardun gida da na gona, a kuma sanar da mutum ɗaya amintacce. A sani kuma cewa tun watan Disambar 2023 Google na iya rufe asusun da aka yi shekara 2 ba a taɓa ba.

Takardun hukuma amana ne

Ga ma'aikacin gwamnati maganar ta fi nauyi, domin abin da ke cikin na'urarsa ba nasa ba ne. Tun da dokar tsarin karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin kula da filaye da ake kira COFO, takardar shaidar gona ta zama abin da ke kashe rigima tsakanin magada, ko tsakanin manomi da makiyayi. Sunayen 'yan jarrabawa, rajistar haihuwa, lissafin magani a gidan likita, kowannensu haƙƙin wani talaka ne da ba zai iya zuwa Yamai neman gyara ba. Sau nawa ake yi wa ma'aikaci canjin wurin aiki ya tafi da kwamfutarsa ta hannu, wanda ya gaje shi ya tarar da tebur wayam, ya fara aiki daga farko kamar ba a taɓa yin ofishin ba?

Gyaran wannan yana hannun shugabannin ma'aikatu. A sa faifan ajiya cikin kasafin kayan aiki kamar yadda ake sa takarda da tawada. A damƙa alhakin ajiya ga mutum ɗaya da sunansa, domin aikin kowa da kowa ba na kowa ba ne. A sa miƙa kwafin takardu cikin sharuɗɗan miƙa aiki. Sannan a tuna cewa Nijar tana da dokar kare bayanan mutane, wadda aka kafa a 2017 aka sabunta a 2022, aka kuma kafa hukumar HAPDP domin sa ido a kanta. Bai halatta ma'aikaci ya kwashi sunaye da sirrin jama'a ya zuba cikin asusunsa na kansa a intanet, ko ya bar faifan ofis yana yawo cikin jakar babur. Kwafin da zai kwana a waje, na gaba ne zai faɗi inda za a kai shi, a kuma kulle shi da kalmar sirri. Shi ma ɗan kasuwa mai rajista doka ba ta bar shi ba: ƙa'idojin OHADA, waɗanda Nijar ke cikinsu, sun wajabta masa riƙe littattafan lissafi da takardun shaida har shekara 10.

A leƙa rumbu tun kafin bazara

Saura abu ɗaya, wanda ko gwanaye sukan yi sake da shi. A 1998, a kamfanin Pixar na Amurka, wani umarni da aka buga bisa kuskure ya share mafi yawan aikin fim ɗin Toy Story 2. Aka garzaya wurin kwafin ajiya, sai aka tarar ya daɗe da lalacewa ba wanda ya sani. Abin da ya cece su shi ne wata ma'aikaciya mai jego da ke aiki daga gida, wadda take da kwafi a kwamfutarta. Manhaja tana iya tsayawa shiru don faifai ya cika, ko igiya ta saki, ko wani ya cire ta ya sa cajin waya. Don haka sau ɗaya a wata, a buɗe ma'ajin, a duba kwanan watan kwafin ƙarshe, a ɗauko takarda guda a buɗe ta a ga ko tana karantuwa. Minti biyar ne. Magidancin kirki ba ya jiran sai tukunya na kan wuta kafin ya san ko gara ta shiga rumbu.

Duk wannan shiri bai wuce aikin yini ɗaya da kuɗin faifai biyu ba. Mai gyaran da ke Dogondutsi ko Doso yana iya sauya allo, ya sauya batir, ya sa sabon faifai, amma ba ya iya tuno wa kowa wanda ya karɓi jika 300 ranar kasuwar Fadama. Wanda kwamfutarsa ta tashi lafiya yau da safe, yau ɗin ce ranar da zai sa mata karbon. Da na sani ƙeya ce. Allah ya tsare dukiya da amana.